Hanyar Ƙauye Ba Filin Wasanmu Ba Ce

A daminar bara, wata Asabar cikin watan Agusta, mu bakwai muka fito daga Kano a motoci uku, Hilux biyu da Prado ɗaya. Dukanmu ma'aikatan kwamfuta ne, masu rubuta manhaja, mutanen da ke wuni a gaban allo daga Litinin zuwa Juma'a har ƙugu ya ƙage. Muka bi ta Bunkure, muka wuce Rano, muka nufi Kibiya. Da muka sauka daga kwalta sai muka kama ɗaya daga cikin hanyoyin gona da ke kewayen Unguwar Gai, domin an yi ruwa kwana biyu a jere, taɓo kuwa shi muka fito nema. Muka sa giyar taimako, muka taka mai, laka na tashi sama, ɗayanmu na ɗauka da waya, muna ihu kamar yaran da aka tasa daga makaranta.

A wani ɗan kwari Prado ta kafe. Mai ita ya yi ta ba ta wuta, tayoyi na juyawa a wuri ɗaya suna haƙa, har sai da cikin motar ya zauna a ƙasa. Muka ɗaura igiya muka ja da Hilux, ita ma ta haƙa nata ramin kafin ta fizgo 'yar'uwarta. Duk wannan abu wani dattijo na tsaye a bakin gonar masararsa da fartanya a kafaɗa yana kallo. Da muka fito muka gaishe shi: "Baba, sannu da aiki." Ya amsa a mutunce, sannan ya ce: "Sannunku, samari. To, in kun tafi wa zai cike?" Muka yi dariya, muka miƙa masa 'yan kuɗin goro. Ya karɓa, ya yi godiya, bai ƙara cewa komai ba.

Amsar tambayarsa ta iso mana bayan mako uku, ta bakin ɗan'uwan ɗaya daga cikinmu. Ruwan da ya biyo baya ya bi sawun tayoyinmu ya mai da shi magudana. A-kori-kurar da ke shiga ɗaukar kaya ta daina zuwa. 'Yan acaɓa suka ƙara kuɗi saboda zagaye. Wata mai juna biyu da naƙuda ta kama da dare sai a amalanke aka fito da ita zuwa inda mota za ta iya tsayawa. Allah Ya kiyaye, ta sauka lafiya. Daga baya matasan wurin suka yi kwana biyu suna aikin gayya, suna ɗibar duwatsu da buhunan ƙasa suna cike abin da muka haƙa cikin minti arba'in. Bidiyonmu kuwa ya samu masu kallo sosai a TikTok.

Saboda haka duk abin da za mu faɗa a nan da kanmu muka fara. Shiga hanyoyin karkara da manyan motoci a tsakiyar damina don nishaɗi zalunci ne, ko da mai yinsa bai yi niyyar cutar da kowa ba. Abin bai riga ya zama ruwan dare a Kano ba, amma yana yaɗuwa. Mun saba da wasan mota a titunan birni ranar ɗaurin aure ko ranar kammala makaranta, mun kuma san gidajen da ya jefa cikin makoki. Yanzu da birni ya cika da cunkoso da jami'an KAROTA, sai ido ya koma ƙauye, inda ake ganin ba mai tsayarwa, ba mai tambaya. Gara a yi maganar tun abin yana ƙarami, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Bari mu fara da yadda ɓarnar ke faruwa, don kada a ce ƙiyayya ce kawai. Hanyar burji tana rayuwa ne da abu ɗaya: tsakiyarta ya ɗan fi gefe tudu, ruwa ya sauka ya gangara gefe. Hilux na da nauyin kusan tan biyu, Land Cruiser ta kai tan biyu da rabi. Idan ƙasa ta jiƙe ta yi laushi, wannan nauyi yana nutsa taya ya bar kwarmi biyu a jere. Idan direba ya ƙara wuta taya na juyawa a wuri ɗaya, haƙoran tayar sai su kwashe jar ƙasar da aka daddaɓe a sama su watsar, su bar ta ƙasa a buɗe. Ruwan gaba ba zai gangara gefe ba, zai bi kwarmin ne a tsaye, yana ƙara gudu yana ƙara ci. Mai zuwa a baya zai kauce wa ramin ya hau gefen gonar wani, sai hanya ta yi faɗi, kunya biyu ko uku na manomi su tafi. Haka zaizaya ke farawa. Giyar taimako an yi ta ne don a fita daga taɓon da ya zama dole a shiga. Mu kuwa mun mai da ita dalilin neman taɓon.

Abokanmu suna da hujjoji, kuma mun san su, tunda da bakinmu muka sha faɗarsu.

Ta farko: hanya ta gwamnati ce, muna biyan haraji, kowa na da ikon bi. Gaskiya ne kowa na da ikon wucewa. Sai dai a tsarin Najeriya hanyoyi kashi uku ne, na tarayya, na jiha da na ƙaramar hukuma, kuma irin waɗannan na ƙauye su ne kashi na ukun, su ne mafi yawa, su ne kuma suka fi rashin mai kula. Da yawansu ko a takardar ƙaramar hukuma babu su. Ƙafa da kofato da amalanke ne suka fitar da su, gayya ce ke riƙe da su. Mu da muke aiki da taswirar Google mun fi kowa sanin cewa layin da ke kan waya ba ya nuna wanda ya zuba dutse a wurin. Ikon wucewa daban, ikon lalatawa daban.

Ta biyu: tifofin yashi da manyan motocin hatsi sun fi mu ɓarna. Wannan ma akwai gaskiya a ciki. Gwajin da injiniyoyi suka yi a jihar Illinois ta Amurka tsakanin 1958 da 1960 ya nuna cewa idan nauyin da ke kan ƙafafun mota ya ninka sau biyu, lahanin da take yi wa titi yana ninkawa kusan sau goma sha shida. To amma direban babbar mota yana gudun taɓo kamar yadda yake gudun mutuwarsa, domin kafewa asara ce a wurinsa. Yakan jira ƙasa ta sha iska. Kuma idan ya shigo, masarar mutane ya zo fitarwa zuwa kasuwar Rano ko Dawanau, ko taki ya kawo. Ɓarnarsa na da abin da ta saya wa gari. Tamu me ta saya? Bidiyon daƙiƙa talatin.

Ta uku: muna kai kuɗi ƙauye, muna sayen rake da masara gasasshiya, muna ba yaran da suka tura mota na goro. A lissafa. Kuɗin da muka kashe a wurin a ranar bai kai kuɗin man mota ɗaya ba. A ɗaya ɓangaren a sa kwana biyun da matasa suka bar gonakinsu, da ƙarin kuɗin acaɓa na makonni, tun bayan da cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 ya riga ya sa kowace tafiya ta zama abin tunani. Wannan ciniki ne da mai saye ya yanka wa kansa farashi, mai kaya kuma ba a ko tambaye shi ba.

Ta huɗu ita ce mafi daɗi a baki: laifin gwamnati ne da ba ta yi kwalta ba. Ba mu wanke gwamnati ba. Kano na cikin jihohin da ke cikin shirin RAAMP na hanyoyin karkara da Bankin Duniya ke tallafawa, kuma tun 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Mutanen Kibiya da Rano na da haƙƙin su tambayi inda hanyoyinsu suke a cikin wannan lissafi. Amma idan ka tarar da bangon maƙwabcinka ya tsage ba ka jingina tsani a jikinsa ka ce laifin magini ne. Kuma mu duba zuciyarmu: ranar da aka shimfiɗa kwalta a wurin ba za mu sake zuwa ba. Lalacewar hanyar ita ce abin da ya ja mu. Talaucin wurin shi ne kayan wasan.

Abin da ke kan wannan hanya ya wuce buhun masara. Ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna sama da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka mutu wajen haihuwa a duniya a 2023 a Najeriya suke. Masana lafiya sun daɗe suna maganar jinkiri uku da ke kashe mai naƙuda: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na biyun hanya ce. Kowane rami da muka haƙa tsakanin wani ƙauye da asibitin Rano minti ne muka ƙara a kan agogon matar da jini ya ɓalle mata.

Duniya ta riga ta yi wannan gardama. Tseren Dakar, wanda Bafaranshe Thierry Sabine ya fara daga Faris a ƙarshen 1978, ya yi shekaru yana ratsa hamadar Nijar ta Agadas. Turawa sun samu kofuna da hotuna, ƙauyukan da ke kan hanya sun samu ƙura, wasu kuma sun samu gawa: a 2006 kaɗai yara biyu motocin tseren suka kashe, ɗaya a Gini ɗaya a Senegal. Da aka soke na 2008 saboda barazanar tsaro a Muritaniya, sai tseren ya tattara ya koma Kudancin Amurka a 2009, daga nan Saudiyya a 2020. Mun sha zagin Turawan da ke kallon Afirka a matsayin fili maras mai shi. Abin kunya ne a ce ɗan Kano ya kalli Kibiya da wannan idon. A Ingila kuwa, inda ake da tsofaffin hanyoyin ƙauye marasa kwalta, rikici tsakanin masu manyan motoci da manoma da masu tafiya a ƙafa ya kai ga majalisa ta yi doka a 2006 da ta soke ikon shiga da mota a da yawa daga cikinsu. Ƙungiyoyin masu wannan wasa a can su da kansu suke gargaɗin 'ya'yansu da su ƙaurace wa hanya idan ta jiƙe. Wannan a ƙasar da manomi ke da tarakta da inshora ke nan.

Ba mu ce a haramta sha'awar mota ba. Bahaushe ya san darajar abin hawa da gwaninta a kansa, amma kakanninmu ba su yi sukuwa a cikin gonar gero ba. Sun ware wa doki fili, shi ya sa har yau Kano ke da Filin Sukuwa da filin folo. Ko bikin kamun kifi na Argungu yana da tseren motocinsa, wanda ake shiryawa da sanin hukuma da jami'an tsaro da sanarwa tun kafin ranar. A sana'armu ma akwai ƙa'idar da ko ɗan koyo ya sani: ba a gwada sabon aiki a kan manhajar da jama'a ke amfani da ita. Ana gina wurin gwaji daban, inda in abu ya rushe ba wanda zai rasa kuɗinsa. Hanyar Unguwar Gai manhaja ce da ke aiki, rayuka na kanta.

Ga abin da muke kira gare shi. Daga watan Yuni zuwa ƙarshen Satumba, duk wanda ba shi da uzuri ya bar hanyoyin burji su huta. Masu son gasa su haɗa kuɗi su yi hayar fili: kusan kowane babban titi a jihar nan yana da ramukan da 'yan kwangila suka ebi jar ƙasa suka bari, ga tudu ga kwari ga ruwa, ba gonar kowa ba hanyar kowa. A rani, in za a shiga ƙauye da ayarin motoci, a fara sallama ga dagaci ko mai unguwa, a ji inda burtali yake, a ji ranar kasuwa, a rage gudu a inda yara da dabbobi suke. Wanda ya haƙa ya dawo ya cike da hannunsa ko da aljihunsa. Majalisun Rano da Kibiya da masarautar Rano suna da ikon da za su sa wannan ya zama ƙa'ida tun kafin a yi asarar rai. Idan kuma da gaske muna son nuna abin da motocinmu za su iya, a wasu jihohin Arewa direbobin ƙungiyar NURTW sun yi shekaru suna aikin sa kai na kai mata masu naƙuda asibiti da dare. Mota mai giyar taimako ta fi kowace dacewa da wannan aiki. A ba ungozoma da mai unguwa lambar waya, a ga wa zai ɗauka da ƙarfe biyun dare.

Mun koma wurin da kaka, da tifa ɗaya ta duwatsu. Muka tarar an riga an cike ramin, sai aka nuna mana wani wuri gaba kaɗan aka ce mu zuba a can. Dattijon yana nan a gonarsa yana karyar masara. Muka ce: "Baba, mun zo neman afuwa." Ya ce: "Allah Ya yafe mana baki ɗaya. Ku dai gaya wa 'yan'uwanku." Saƙonsa ke nan muka isar.