Sabon alƙalamin feshi ya toshe? Kafin a zargi China, a duba wanki

A ɗauki misalin matashi a Sanyinna da ya tara kuɗi ya yi odar alƙalamin feshin fenti, wanda masu sayarwa a Jumia da AliExpress ke kira eyaburosh, haɗe da ɗan kwamfresa. Burinsa ya riƙa ƙawata hular kwano, tankin babur, murfin waya da allon shago a lokacin hutu. Kaya ya iso Sakkwato, direban motar Tambuwal ya kawo masa. Ranar farko feshi ya fita sumul. Rana ta uku ya danna kunama, sai iska zalla, ko fenti ya riƙa tofowa ɗigo-ɗigo. Nan take ake yanke hukunci: kayan China ne, kuɗi sun tafi.

Sau da yawa wannan hukunci kuskure ne. Alƙalamin bai lalace ba, datti ne ya toshe shi. Wanda ba zai iya ware minti biyar na wanki bayan kowane aiki ba, gara ya bar kuɗinsa a aljihu, domin wankin yana cikin farashin kayan.

Dalilin yana cikin ƙirar. Yawancin waɗanda ake sayar wa masu koyo suna da nozul mai ramin milimita 0.3, wasu 0.2 ko 0.5. Siririyar allura ce ke toshe ramin. Idan an danna kunama ƙasa iska ta fito, idan an ja ta baya allura ta janye, iskar ta zuƙo fenti. A rami irin wannan, ɓarɓashin busasshen fenti guda ɗaya ya isa ya tsayar da komai.

Shi ya sa ranar farko ba ranar fenti ba ce. Sabon alƙalami kan zo da ragowar man masana'anta, wani lokaci har da ƙurar ƙarfe. A zuba ruwa mai tsabta a kofin, a sa kwamfresa wajen PSI 20, a fesa a kan kwali. Idan ruwan ya fita kamar hazo, a zagaye, ba yankewa, kayan lafiya lau yake, kuma duk matsalar da ta biyo baya daga fenti ne ko wanki. Idan ruwa ma ya ƙi fita daidai, a mayar da shi tun wa'adin mayarwa bai wuce ba, kafin fenti ya taɓa shi.

Yanayin kudancin Sakkwato yana ƙara wa lamarin wuya, kuma bidiyoyin YouTube da aka ɗauka a ɗakuna masu sanyi a Turai ba sa lissafi da shi. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, fentin akrilik kuwa da ruwa ake haɗa shi, don haka yana bushewa a kan tsinin allura ana cikin aiki. Maganinsa auduga mai laima a gefe, ana goge tsinin a kai a kai, da zaɓar safiya ko bayan la'asar. Lokacin hunturu ƙura ce ke faɗawa kofi, sai a rufe shi. Da damina iska na ɗauke da danshi, ruwa ya taru a tiyo ya fantsamo kan zane, sai a riƙa zubar da ruwan matatar da ke jikin kwamfresa. Ruwan rijiya mai laka ba na sirka fenti ba ne, ruwan leda ya fi.

Kowace alama tana da fassara. Kumfa a cikin kofi na nufin iska na komawa baya: ko nozul ya toshe, ko bai zauna daidai ba. Ɗan kakin zuma a kan zaren nozul kan toshe irin wannan yoyo. Idan fenti na fita da tsatsa-tsatsa, ya yi kauri ko iska ta yi kaɗan, sai a sirka shi ya koma kamar madara, a tace da tsohuwar safa. Idan yana bazuwa kamar ƙafafun gizo-gizo, ya yi ruwa da yawa, ko an matso kusa ainun. Idan iska na fita fenti ba ya fita, a buɗe bayan alƙalamin a duba ƙaramin notin da ke riƙe allura, domin idan ya saki, kunama na ja amma allura ba ta motsi. Feshin da ke karkata gefe guda kuwa alamar tsinin allura ya lanƙwashe ne, ko nozul ya tsage.

Wankin kansa ba wani abu ba ne. A zubar da ragowar fenti, a goge kofi, a fesa ruwa har ya fita garau, a bi da ɗan sifirit na kemis idan akrilik ne. Sannan a zaro allura a hankali, a goge ta daga gindi zuwa tsini, a mayar ba tare da turawa da ƙarfi ba.

Abin takaici, mafi yawan alƙaluman da suka mutu da gaske, a wajen gyara suka mutu. Ana zura allurar ɗinki ko waya a rami, ramin ya buɗe. Ana ɗaure nozul da filaya, zarensa ya karye a ciki. Ana jiƙa alƙalamin gaba ɗaya a fetur ko tina, zobban roba su kumbura. Dabarar da ke tayar da kafireton babur ba ta dace da wannan ba.

Gaskiya ne akwai masu arha da ke fitowa da lahani tun daga masana'anta, kuma Iwata ta Japan, Badger ta Amurka da Harder & Steenbeck ta Jamus sun fi su ingancin ƙarfe da daidaito. Amma su ma idan aka bar akrilik ya kwana a ciki, washegari ba za su fesa ba. Mai arha da ake wankewa ya fi mai tsada da aka yi wa sakaci daɗewa.

Ga mazaunin Sanyinna ko Kebbe, nozul ɗin da ya karye na iya zama tafiya Sakkwato ko Kano, ko jiran oda na makonni. Don haka a sayi allura da nozul na ajiya tun a odar farko, tare da takunkumi mai tace fenti, domin abin da ake fesawa huhu na shaƙa. Su ma masu sayarwa, da za su haɗa kowane kwali da gajeren bayanin wanki da Hausa, ko saƙon murya ta WhatsApp, da ƙorafin da ke dawo masu ya ragu sosai.