Kira Ga Hukumar Gidajen Tarihi Kan Lambar Yabon Satiru

Zuwa ga Shugaban Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa, da shugabannin Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato.

Muna roƙon ku dubi wani abu ƙarami da bai cika tafin hannu ba.

A watan Fabrairun 1906 mutanen Satiru, kudu da Sakkwato, suka yi wa Turawa bore ƙarƙashin Malam Isa da Ɗan Makaho, wanda ya tsallako daga ƙasar da Faransa ke mulka. Da gatari da fartanya da kwari da baka suka kashe Razdan Hillary da Scott da Laftanar Blackwood da sojoji sama da 20. Ran 10 ga Maris aka dawo musu da bindiga mai jigida, aka kashe mutum kusan 2,000, aka rushe garin. Wata mai bi kuma Sarkin Haɗeja Muhammadu ya yi shahada a hannun Turawa.

Ingila ta saka wa mayaƙanta da lambar yabo ta azurfa. Kan Sarki Edward na Bakwai a gaba, ƙyalle rawaya mai baƙin gefe da ratsin kore biyu, sai ɗan ƙarfe a gicciye da aka rubuta wa Arewacin Nijeriya 1906. A bakin lambar an zana sunan soja da lambarsa da rundunarsa. To, a nan gizo ke saƙa, domin galibin waɗanda suka harba bindigogin nan baƙar fata ne, cikinsu har da Hausawa. Wanda ya yi kisa sunansa na kan azurfa, talakan da aka kashe ko kushewarsa ba a sani ba.

Yau a gidajen gwanjo na Landan ake cinikin irin waɗannan lambobi, masu tara kayan tarihi suna sayewa su kulle a akwati.

Ranku ya daɗe, ba girmama lambar muke nema a yi ba, shaida ce. A ware kuɗi a sayo ko guda biyu, a ajiye a Sakkwato da Haɗeja, a rubuta bayaninsu da boko da ajami. A kuma tura masu bincike ƙauyukan da ke kewaye da kufan Satiru su naɗi abin da tsofaffi suka ji daga kakanninsu, tun da sauran masu faɗa.

Allah ya yi muku jagora, amin.