Wa Zai Ƙwace Kasuwar Google?

Duk wanda ya sayi sabuwar wayar shafawa, Tecno ko Itel, a kasuwar Sabon Birni ko ta Isa, da ya kunna ta zai tarar da Google zaune a fuskarta, alhali ba shi ya kira shi ba. Aikinsa shi ne ka rubuta abin da kake nema, shi kuwa ya bi intanet ya jero maka shafukan da suka yi magana a kai. Waɗansu ɗalibai biyu na Jami'ar Stanford, Larry Page da Sergey Brin, su suka kafa kamfanin a 1998. Yau kusan tara cikin kowane bincike goma da ake yi a duniya ta hannunsa ake yi. To, 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, ni a ganina wannan sarauta ta fara girgiza, kuma idan mutum na son ganin inda take da rauni, ya dubi ƙasarmu ta Gobir.

Bari mu fara da shari'a, tunda ita jaridu suka fi kururutawa. A watan Agusta 1924 babu wanda ya san kwamfuta, amma a Agusta 2024 wani alƙali a Amurka, Amit Mehta, ya yanke hukunci cewa Google ya danne kasuwar bincike ta haramtacciyar hanya. An bayyana a kotu cewa a 2021 kaɗai kamfanin ya biya masu ƙera waya da makamantansu fiye da dala biliyan 26 don a sa shi gaba. Ashe zamansa a fuskar waya ba banza ba ne! Sai dai a Satumba 2025 alƙalin bai tilasta masa sayar da Chrome ba. Ya dai hana shi yarjejeniyar da za ta toshe wa wasu ƙofa, ya kuma ce ya raba wa abokan gasa wani ɓangare na bayanansa. Wannan mari ne, ba kisa ba.

Abin da ya fi shari'a ƙarfi shi ne na'urorin nan masu ƙirƙirarriyar basira. ChatGPT ya fito a Nuwamba 2022, a 2024 kuma aka sa Meta AI cikin WhatsApp a Nijeriya. Waɗannan ba su jero maka shafuka goma su ce ka zaɓa. Amsa suke ba ka kai tsaye, kamar ka tambayi malami. Ɗalibin da ya zo hutu da aikin gida, datarsa ta naira ɗari biyu ce, wanne kuke jin zai zaɓa?

Yanzu mu dawo gida. Mene ne mutumin Gatawa ko na Bafarawa ke son sani da safe? Nawa buhun gero ya kai a kasuwar Shinkafi ranar Alhamis. Ko hanya lafiya yau, a shiga mota, ko kuwa a haƙura. Ko ruwan gulbi ya sauka, a fara shirin albasa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da Google ke amsawa. In ka rubuta masa sunan garinmu, yawancin abin da zai kawo maka labarin hari ne, shi ma da Turanci, sai ka ce ba mu noma, ba mu aure, ba mu da tarihi. Ga shi kuma da yawa daga iyayenmu ajami suka iya, ba boko ba. Saboda haka sai su danna WhatsApp su aika murya, direba ko ɗan kasuwa ya maido musu amsa da Hausa. Samari kuwa TikTok da Facebook suke shiga su ga yadda ake gyaran injin ban ruwa da idonsu. Wannan duk bincike ne, kuma ba ta ƙofar Google ya bi ba.

Kowa ya tuna Satumba 2021, sa'ad da aka rufe layin waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga, har da Isa da Sabon Birni. Mutane sun sha wuya ƙwarai, wasu sai sun matsa bakin iyaka su kama layin Nijar. Amma abin da suka yi kewa muryar 'yan'uwansu ne. Labari kuwa rediyo da direbobi suka ci gaba da kawo shi.

Kada a ce na raina kamfanin. Android da ke tafiyar da wayoyinmu nasa ne, YouTube ma nasa ne, yana kuma da tasa na'urar mai amsa tambaya, Gemini. Ya sa Hausa cikin fassararsa tun 2013, a 2024 kuma ya ƙara ta cikin harsunan da ake iya yi masa magana da baki. Wannan ya nuna shi ma ya hango abin da muka hango. Amma mu Gobirawa mun san girma ba ya hana faɗuwa. Ba a cika shekara 20 da rasuwar Bawa Jangwarzo ba Alƙalawa ta faɗi a 1808. Haka AltaVista, wanda ake ji da shi kafin Google, an rufe shi a 2013, yau ko sunansa ɗaliban ajinmu ba su sani ba.

Abin da ke damuna shi ne wanda zai gaji kujerar. Google, duk da laifinsa, yana nuna maka inda magana ta fito, ka gwada wannan da wancan. Na'ura mai amsa guda takan shara ƙarya ba ta ko ƙifta ido, muryar WhatsApp kuwa sau nawa ta sa gari ya watse da dare a kan jita-jita? Su waɗannan na'urori daga abin da aka rubuta suke koyo, mu kuwa abin da aka rubuta a kanmu kaɗan ne. Ina roƙon Ƙungiyar Hausa ta makarantarmu, a hutu mai zuwa kowa ya zauna da tsohon gidansu ya rubuto tarihin ƙauyensu, malamanmu su duba su gyara, sannan a sa shi a Wikipedia ta Hausa.