Sunan babbar manhajar kwamfutarka: A faɗa, amma a tsaya nan

A watan Maris na shekarar 2025 aka fitar da Git 2.49 ɗauke da wani ɗan ƙaramin sauyi da yawancin masu amfani da ita ba su lura da shi ba. Ga mai karatun da bai san ta ba, Git manhaja ce da Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, wadda marubuta manhajoji ke adana tarihin aikinsu da ita, suna kuma musayarsa da junansu ta intanet. Junio Hamano ne ke kula da ita tun daga wannan shekarar.

Duk lokacin da kwamfutar mutum ta tuntuɓi uwar garke domin ɗauko aiki ko aika shi, sukan gabatar da kansu ga juna. A da, sunan Git da lambar fitowarta kaɗai ake faɗa. Yanzu kuwa ana haɗawa da sunan babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, kamar Linux ko Windows, ba tare da an tambayi mai ita ba.

Masu goyon bayan sauyin suna da hujja. Idan matsala ta taso a wajen ɗauko aiki, mai kula da uwar garke na bukatar sanin ko masu Windows kaɗai ta shafa ko kowa da kowa. Haka kuma sanin yawan masu amfani da kowace manhaja yana taimakawa wajen yanke shawarar inda za a zuba ƙarfi. Ƙa'idar Git ma ta fayyace cewa ƙididdiga da gano matsala ne kawai amfanin wannan bayani, ba a yarda a dogara da shi wajen tantance abin da kwamfuta za ta iya yi ba.

A nawa ra'ayin, sunan kaɗai ba abin tayar da hankali ba ne, domin miliyoyin mutane ne ke tarayya a cikinsa. Damuwata ita ce abin da ka iya biyo baya. Ranar da aka ƙara da lambar fitowar babbar manhajar, to an nuna wa ɓarayin intanet wanda bai sabunta tasa ba, wato an nuna musu gidan da katangarsa ta tsage. Mun ga irin haka a manhajojin shiga intanet, inda ƙananan bayanai suka yi ta taruwa har suka isa a bambance mutum ɗaya cikin dubbai, kamar yadda ƙungiyar EFF ta Amurka ta nuna a 2010. Sai da ta kai Google ya fara rage irin bayanan da Chrome ke aikawa a 2022.

Gaskiya ne akwai mafita, domin duk wanda ya saita GIT_USER_AGENT yana iya maye gurbin bayanin da abin da ya ga dama. Sai dai mutum nawa ne suka san da haka? Zaɓin da ba a sanar da mai shi ba, da shi da babu duk ɗaya.

Don haka kirana ga masu kula da Git shi ne su tsaya a kan suna, duk wani ƙari kuma ya zama sai da amincewar mai kwamfuta. Su kuma bankuna da jami'o'i da ma'aikatunmu da ke amfani da ita, ya kamata jami'ansu su san abin da ke fita daga kwamfutocinsu, su yanke shawara a kai da idonsu a buɗe.