Gambar Iyaka A Fuskar Kwamfuta

Duk wanda ya ratsa gonakin Ɗambatta ko Bichi da damina zai ga yadda gona ke manne da gona, ba abin da ya raba su sai jerin gamba da aka dasa a kan iyaka. Gamba dai ba katanga ba ce, ba ta hana fartanya ƙetarewa, sai dai ta nuna wa manomi inda nasa ya ƙare. To, masu rubuta wa kwamfuta umurni su ma suna da irin tasu gambar, watau wani siririn layi a tsaye da ke fitowa a hannun dama na fuskar na'ura, galibi bayan harafi na 80. Ya kyautu malaman sakandare su riƙa kunna wa ɗalibai wannan layi tun ranar farko.

Adadin nan na 80 gado ne. A shekarar 1928 kamfanin IBM na Amurka ya fito da kati mai gurabe 80 wanda ake hudawa, daga baya kowane kati ya zama layi guda na umurni. A tsohon tsarin harshen Fortran, gurabe 72 na farko kaɗai na'ura ke karantawa. Sauran 8 na lambar jeri ne, domin in katunan suka zube a ƙasa a iya sake jera su. Wanda umurninsa ya zarce gurbi na 72 kuwa, na'ura kan yar da wutsiyar, wani lokaci ba tare da ta ce uffan ba, lissafi ya fito a karkace. Kati ya shuɗe amma ma'auninsa ya zauna, har ƙa'idar rubuta harshen Python ta 2001 ta tsayar da iyaka a harafi 79.

Masu suka na cewa fuskar kwamfutar yau faffaɗa ce, don me za a ɗaure kai da ma'aunin katin kakanni? Suna da hujja, domin a 2020 masu kula da Linux ma sun sassauta tasu iyakar zuwa 100. Amma wannan magana ce ta mai babbar na'ura shi kaɗai a ofis. A makarantar ƙauye ɗalibai da dama ne ke cunkushe a gaban na'ura guda, wasu na kwafar umurni daga allo zuwa littafi, wasu na gwaji da wayar hannu. A nan, dogon layi yakan ɓuya a bayan gefen fuska, kuma in baka ɗaya ta ɓace a can, sai a cinye darasi sukutum ana nemanta.

Kunna layin ba ya cin ko kwabo. A manhajar Vim ana rubuta "set colorcolumn=80", a VS Code kuma ana saita "editor.rulers". Ko 80 malami ya zaɓa ko 100, abin lura shi ne ajin duka ya bi adadi guda, kuma umurnin da ya taɓa layin a karya shi gida biyu.