Rufe littafin, sannan ka ga abin da ka sani

Yau zancenmu na 'yan ajin kimiyya ne, musamman na makarantun Karaye da Rogo, masu shirin kwalifayin a SS2 da masu jiran WAEC da NECO a SS3. Kowa ya san abin da ke gaba: kwalifayin ce ke nuna wanda gwamnatin Kano za ta biya wa kuɗin jarrabawa, kuma mai son karatun likita ko jinya ko injiniya sai ya samu kiredit biyar, har da Turanci da Lissafi.

Yawancinmu abin da muke kira bita shi ne mu buɗe littafin rubutu mu yi ta maimaita shafi ɗaya. A karo na uku ido ya saba da shafin, sai zuciya ta ce ai an iya. Ranar jarrabawa kuwa babu littafi a gabanka, sai takardar tambaya da biro. Gane abu idan ka gan shi daban, fito da shi daga ka daban, kuma na biyun ake ba wa maki.

Maganin wannan mun taso da shi a makarantar allo. Malam ba ya barin ɗalibi ya wanke allonsa don kawai ya daɗe yana kallonsa, sai ya kifa allon ya kawo hadda. Bayan nan kuma akwai tishe, a koma kan na baya lokaci-lokaci don kada ya zube. Waɗannan abubuwa biyu, kawo karatu da ka da kuma komawa kansa bayan kwanaki, su ne masana suka tabbatar da amfaninsu.

A 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyon abu, kuma bitar da aka rarraba ta fi wadda aka cusa a zama ɗaya. A 2006 kuma wasu masana biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, suka ba ɗalibai wani rubutu. Wasu suka yi ta maimaita karanta shi, wasu suka karanta sau ɗaya sannan suka riƙa rubuta abin da suka tuna. Bayan minti 5 masu maimaitawa ne a gaba. Bayan mako guda sai labari ya juya: masu gwada kansu sun tuna kusan kashi 61 cikin 100, masu maimaitawa kashi 40.

To ga yadda za mu yi. Ka karanta darasi ɗaya, misali yadda tsiro ke haɗa abincinsa da hasken rana. Rufe littafin, ɗauki farar takarda, rubuta duk abin da ka tuna, har da 6CO2 + 6H2O → C6H12O6 + 6O2. Sannan ka buɗe ka gwada, ka sa jan biro a inda ka rasa. Wurin jan biron nan shi ne aikinka na gobe. Za ka ji wahala fiye da karantawa kawai, amma wahalar ce ke kafa abin a ƙwaƙwalwa. Haka za ka yi da zanen Bayoloji: zana zuciya ko ƙwayar halitta da ka, ka sa sunayen sassanta ba tare da leƙe ba.

Don tishe kuma, nemi gwangwanayen madara uku da kwali. Yanka kwalin ƙanana, rubuta tambaya a gaba, amsa a baya. A gaba: mene ne dokar Ohm? A baya: V = IR. Gwangwani na farko kullum ake duba shi, na biyu bayan kwana 3, na uku sau ɗaya a mako. Katin da ka ci ya matsa gaba, wanda ka faɗi ya dawo na farko. Wani ɗan jaridar Jamus, Sebastian Leitner, shi ya yaɗa wannan dabara a 1972, kuma ba ta buƙatar waya ko data ko wutar lantarki.

Sai dai kimiyya ba ta son karatun aku. Hadda ba tare da fahimta ba tana rushewa da zarar an juya tambaya. Saboda haka ɗaura kowane darasi a kan abin da ka sani. Buhun takin da aka rubuta wa NPK 15-15-15 darasin Kimistiri ne: naitirojin da fosfaras da fotasiyam. Zaƙin raken fadamun Rogo sukarin da ganye ya haɗa ne, aka adana a kara. Raguwar ruwan dam ɗin Challawa da rani tana da alaƙa da yadda zafi ke mai da ruwa tururi. Idan ka iya yi wa ƙanwarka ta JSS bayanin darasi da Hausa har ta gane, to ka iya shi. Bayan nan ka rubuta amsar da Turanci, tunda da shi za a tambaye ka.

Fiziks da lissafin Kimistiri ba a karanta su kamar labari, yin su ake yi. Ku haɗu ku uku ko huɗu, ku samo tambayoyin shekarun baya, kowa ya warware shi kaɗai a cikin ƙayyadadden lokaci, sannan ku duba wa juna. Abin da ya gagare ku duka, ku kai wa malami.

Mun san uzurin da ke tafe. NECO tana faɗowa a watan Yuni da Yuli, daidai lokacin shuka da noman farko, ga 'yan mata kuma da aikin gida. Wannan ma dalili ne na farawa yanzu, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Minti 30 bayan sallar Asuba da minti 30 bayan La'asar, kullum, sun fi kwanan zaune a daren jarrabawa. Barci ma yana cikin shiri, domin a lokacinsa ƙwaƙwalwa ke daidaita abin da aka koya da rana.

Aikin wannan mako: zaɓi darasi ɗaya da kake ganin ka iya, ka rufe littafi ka rubuta shi yau, ka sake ranar Laraba, ka sake ranar Asabar. Ajiye takardun uku ka gwada su da juna. Allah ya ba mu sa'a baki ɗaya, sai mako mai zuwa.