Horon Doki Aikin Kullum Ne

Jama'a, ina so in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana damuna game da dawakin ƙasarmu, watau Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi. Na san wani zai ce, "Haba malam, ana ta kai wa yake ta kaya? Mutane na fama da ɓarayin daji da tsadar hatsi, kai kuwa kana zancen doki?" Gaskiyarsa. Amma in ya yi haƙuri ya ji ni har ƙarshe, zai ga wahalar nan da ya ambata ita ce ma ta sa na ɗauki alƙalami.

Wata Sallah na tsaya bakin hanya a ɗaya daga cikin garuruwan nan ina kallon hawa. Sai ga wani saurayi bisa wani kili kyakkyawa, ya sha jalala da kayan ado har ba a magana. Da 'yan bindiga suka yi harbi sai doki ya firgita, ya yi tabarya. Yaro ya fizgi linzami iyakar ƙarfinsa, ya kuma zuba masa ƙaimi. Doki ya rasa wanda zai bi, linzami na cewa tsaya, ƙaimi na cewa tafi, sai ya ja da baya ya auka cikin 'yan kallo, ya take ƙafar wata yarinya mai talla. Aka riƙe shi da ƙyar, bakinsa na zubar da jini. Mutane suka yi ta cewa mugun doki ne. Da na bincika, ashe tun Sallar da ta wuce yana ɗaure a turke, ba a ɗora masa sirdi ba sai da ya rage saura kwana biyar a hau. To, don Allah, laifin wa? Ai ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da nake so in tabbatar shi ne, horon doki ba abu ne da ake yi sau ɗaya a gama ba. Yawancinmu mun ɗauka in dukushi ya yarda da ragama, ya yarda da sirdi, ya bar tutsu, shi ke nan ya horu. A'a, nan ne ma aka buɗe masa allo. Doki kamar almajiri yake, in ya bar tilawa karatu ya zube.

Kakanninmu sun san haka sarai. Namoda, jarumin Alibawa wanda garin Ƙaura ya ci sunansa, da irin mazajen da suka yi yaƙe-yaƙen jihadi har Alƙalawa ta faɗi a 1808, rayukansu a bayan dawakinsu suke. Mutumin da ke riƙe da mashi a hannu ɗaya, linzami a ɗaya, ba zai yarda ya hau dabbar da ba ta san juyawa da tsayawa ba. Don haka kullum ana kilisa, kullum 'yan barga na kan aiki. Da yaƙi ya ƙare, jirgin ƙasa ya iso Ƙaura a 1929, mota ta biyo baya, daga bisani babur ya cika gari, sai doki ya zama na ado kawai. Muka riƙe kayan hawan, muka saki aikin da ke bayansu.

Dubi linzaminmu na gargajiya, mai zoben nan da ke kewaye haɓar doki, da ƙarfen da ke dannar ganɗarsa. An ƙera shi don mayaƙi ya zame doki nan take. A hannun gwani taɓawa kaɗan ta isa. A hannun yaron da bai iya ba kuwa wuƙa ce. Dokin da aka yi ta fizga, bakinsa mutuwa yake yi, sai a ce ya yi taurin baki, a nemo linzamin da ya fi na da tsanani. Haka za a yi ta yi har dabba ta lalace. Linzami ba ya koya wa doki kome, mahayi ne ke koyarwa.

To, yaya ake horon? A fara da aikin fili, watau aikin da ake yi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba tsalle. Kowace safiya kafin rana ta yi zafi a fito da doki, a ba shi kamar rabin sa'a. A fara da tafiya sannu ragama a sake, har jikinsa ya warware. Sa'an nan a shiga sassarfa, a dawo tafiya, a tsaya, a sake tashi, a yi ta canjawa har ya zamana da mahayi ya matse ƙafa doki ya ci gaba, da ya gyara zama ya ɗan riƙe hannu doki ya rage. A kewaya da shi dama, a kewaya hagu daidai wa daida, gama kowane doki yana da gefen da ya fi masa tauri, kamar yadda mutum yake da hannun da ya fi iyawa da shi. A koya masa ja da baya taku biyu ko uku, da tsayawa cik ba motsi. Babbar ƙa'idar ita ce, da zarar ya yi abin da aka nema sai a sassauta masa nan da nan, don sassaucin nan shi ne ladansa, da shi yake gane ya yi daidai. Ranar da mahayi ya tashi da fushi kuwa, gara ya bar dokin a turke.

A kuma lura da shekaru. Doki ba ya gama fitar da haƙoransa na girma sai ya kai shekara 5, ƙashin bayansa kuwa ba ya gama ƙwari sai wajen shekara 5 zuwa 6. Amma sai ka ga an hau ɗan shekara 2 ana sukuwa da shi a kan kwalta. A shahararriyar makarantar hawa ta birnin Biyana, a ƙasar Ostiriya, ba a fara horon ingarma sai ya kai wajen shekara 4, horon kuma yakan ɗauki kamar shekara 6. Ba na ce mu yi koyi da su a kome ba, amma haƙurin nasu abin dubawa ne.

Sai maganar tsalle. A nan wani zai ce, "Wannan ai wasan Turawa ne, me ya haɗa mu da shi?" Ni kuwa sai in tambaye shi, wace hanya ce a ƙasarmu ba ta da kwazazzabo? Wanda ya taɓa bin gefen Gagare ko Bunsuru bayan damina ya san yadda ruwa ke yanka ƙasa. Ko cikin gari ma ga lambatu, ga kwata. Dokin da ya iya auna rami ya ƙetare cikin natsuwa ya fi wanda zai turje ko ya yi tsallen firgita ya ka da mai shi. Tsalle kuma yana ƙarfafa bayan doki da cinyoyinsa, yana koya masa duban inda zai sa ƙafa.

Amma ba a fara tsalle sai aikin fili ya zauna. A shimfiɗa gungumen icce guda a ƙasa, doki ya ƙetare shi da tafiya. In ya saba, a jera uku ko huɗu, tsakanin kowanne kamar ƙafa 4 da rabi, ya bi su da sassarfa. Bayan makonni a ɗaga na ƙarshe kaɗan, kada ya kai gwiwar mutum. Sau biyu a mako ya isa, kuma a ƙasa mai taushi, ba fako ba, ba kuma yashi mai zurfi ba, don yana gajiyar da jijiyoyin ƙafa. Mahayi ya karkata gaba ya ba doki wuyansa lokacin da ya tashi, yadda wani hafsan sojan Italiya mai suna Kafirilli, wanda ya mutu a 1907, ya koyar, duniya kuma ta bi. Saboda haka sirdinmu mai tudu gaba da baya da linzami mai zobe ba su dace da wannan aiki ba. A nemi sirdi mara tudu da linzami mai sauƙi, irin na 'yan folo na Katsina.

Yanzu bari in koma ga mai tambayar farko. Gaskiya ne fita kilisa nesa da gari ta zama kasada a yankinmu. Gaskiya ne a 2021 har gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako da safarar dabbobi na wani lokaci saboda rashin tsaro, kowa kuma ya san abin da rufe kasuwa irin ta Shinkafi ke nufi ga mai dabba. Gero da dusa da harawa duk sun yi tsada. To, amma wannan shi ne dalilin da ya sa aikin fili ya fi dacewa da mu yau. Ba ya bukatar daji. Filin da Turawa ke yin sa mita 20 ne faɗi, mita 40 tsawo, kamar taku 25 da taku 50. Gefen filin idi ko filin ƙwallon makaranta ya wadatar. Kuma wanda ke ciyar da doki da tsadar nan shekara guda cur, don hawan kwana biyu ko uku, sa'an nan dokin ya kunyata shi, ai shi ya fi kowa hasara.

Shawarata ga masarautunmu uku ita ce, kowace ta keɓe fili guda cikin gari, ta sa wani dattijo masanin doki ya riƙa tsayawa can da safe yana gyara wa samari hannu da zama. Kada kuma a bar kowa ya shiga jerin hawa da dokin da ba a gan shi a filin nan ba. A 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin al'adun da duniya ke tattali. Abin farin ciki ne, amma al'adar hawa ba a cikin jalala take ba, tana hannun masu iya doki ne. Dattawan nan kuwa kullum raguwa suke yi, iliminsu kuma ba a rubuce yake ba. In muka bari suka ƙare, za a wayi gari muna da sirdi da likkafa, ba mu da mahaya.

Ku samari masu sha'awar hawa, kada ku jira sai an ga wata. Gobe da sassafe ku kwance dokinku. Allah ya sa mu gane, amin.